Hedimasta, yaushe rabonka da shiga aji?

Ranar Asabar bayan la'asar muna zaune a ƙofar gida da wani abokina da muka yi NCE tare a Azare, shima yanzu an bashi makaranta yana riƙewa can wajajen Darazo, muna shan shayi muna hirar aiki sai yake ce min wallahi shi tunda aka dawo hutun nan bai leƙa aji ko ɗaya ba, yau ana nemansu mitin, gobe a ce a turo adadin yara maza da mata aji-aji kafin azahar, jibi a ce fom ɗin da aka cika wancan satin ba shi bane an canza wani. Nace masa toh ai nima shekarata ta farko haka na yi ta, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Bayan ya tafi maganar ta ƙi barina, shi yasa na ɗauko waya nake wannan rubutun, ko Allah zai sa wani da aka ba makaranta kwanan nan ya gani.

Ni dai ranar da aka bani hedimasta, shekara 4 kenan, a wata firamare da ke bayan garin Bauchi, abinda aka miƙa min shine takarda ɗaya, da makullin ofis, da hatimi, da logbuk da taimbuk da rajistocin aji waɗanda gara ta ci gefen wasu. Wanda na gada ya nuna min inda ake ajiye alli, ya yi min addu'a, ya hau mashin ɗinsa ya tafi. Iyakar horon da na samu kenan. Kuma ba ni kaɗai ba, a wajenmu mutum yana zama hedimasta ne ko don lebul ɗinsa ya kai ya fi kowa daɗewa, ko an ga yana da ƙoƙari a aji sai a ce a saka masa da ofis, ko kuma, mu faɗi gaskiya, yana da wanda ya tsaya masa. Duk cikinsu ba wanda ake zaunarwa a koya masa yadda ake duba koyarwar wani malami, ko yadda zaka gyara wa wanda ya girme ka ba tare da ka ci masa fuska ba. Sai mutum ya kama abinda ya ga na gabansa suna yi, wato tsare ƙofa da bulala don 'yan makara, jan asambile, jan layi a taimbuk, da zirga-zirga da fayil a hammata.

Duk Litinin malamai su kawo min lesin not, in ɗauki jan biro in duba kwanan wata, in duba ko an rubuta manufar darasi da kayan koyarwa, in sa hannu in buga hatimi. Shekara guda cur ina wannan kuma a raina aiki nake. Ban taɓa bin littafin nan ko sau ɗaya zuwa aji in ga ko abinda ke cikinsa shi ake yi ba, balle in ga ko ya shiga kan yara.

Wanda ya tashe ni daga barcin nan wani bawan Allah ne mai sayar da hatsi. Wata safiya ya shigo ofis riƙe da hannun ɗansa ɗan aji 5, muka gaisa, yace Malam Hedimasta ba faɗa na zo yi ba, tambaya na zo yi. Nace Alhaji bismillah zauna. Yace yaron nan shekara biyar kullum sai na bashi kuɗin tara ya taho nan, jiya aka turo min saƙo a waya da Hausa, Hausa fa ba Turanci ba, na miƙa masa ya karanta min ya tsaya yana kallon wayar yana kallona. Amma yaron nan ɗin dai a makarantar allo ya wuce babbaƙu ya wuce farfaru tuni, yanzu da kansa yake jan karatunsa. Toh kan nasa ne ke canzawa in ya saka yunifom, ko kuwa me kuke yi da su anan?

Wallahi ban samu abin ce masa ba, haƙuri kawai na bashi. Amma na kwana ina juya maganar, don nima ɗan makarantar allo ne kuma nasan amsar. A can ba a wanke allon yaro sai ya zo gaban malam shi kaɗai ya biya, malam ya ji da kunnensa cewa ya iya, sannan a yi masa ƙari. In bai iya ba ko sati zai yi akan wannan rubutun yana nan. Yara hamsin suna zaune waje ɗaya amma kowa da inda yake kuma malam ya san inda kowa yake. Mu kuma a boko sikim muke bi, sati na uku ya zo sai a yi darasin sati na uku, wanda ya gane da wanda bai gane ba duk an wuce, ƙarshen shekara kowa ya haye aji na gaba. Wato mu kullum wanke allo muke ba tare da kowa ya biya ba.

Washegari na samo kwalayen taliya a shagon maƙwabcina na yayyanka, na rubuta baƙaƙe a wasu, wasu gaɓoɓi irin ba, ki, mu, wasu kalmomi irin gida, tuwo, kasuwa, sai 'yar gajeriyar jimla guda biyu. Na ajiye benci a gindin dogonyaro na dinga kiran 'yan aji 4 ɗaya bayan ɗaya. Kwana uku na yi ina wannan. Ajin sun haura 80, waɗanda suka iya karanta jimlar nan ba tangarɗa basu cika goma ba, da yawansu ko baƙaƙen basu gama sani ba. Abinda ya fi taɓa ni shine littattafansu, in ka buɗe zaka ga rubutu shafi-shafi tsaf-tsaf, wata yarinya rubutunta kamar an buga da inji, nace karanta min layin farko na abinda kika rubuta da hannunki, sai ta sunkuyar da kai hawaye ya zubo. Zanen baƙaƙen take daga allo kamar yadda ake zana fulawa a jikin zani, shekara huɗu.

Daga nan na fara ɗaukar kujera ina zama a bayan aji. Gani ya kori ji. Malami zai shigo ya cika allo da not daga wannan bango zuwa wancan da Turanci, ya karanta yara su maimaita da ƙarfi har ajin kusa na ji, yace kun gane, su ce eeeh, yace akwai tambaya, su ce babuuu, sai a kwafa har a kaɗa ƙararrawa. In ya yi tambaya yara huɗu ko biyar na gaba ne ke ɗaga hannu kullum su ɗin dai, na baya da ke zaune a ƙasa wasu na wasa da murfin kwalba wasu na gyangyaɗi. Daga ofis in ka jiyo wannan amshin sai ka ce karatu ake ba wasa, sai ka zauna a baya kake ganin bakunan da ke motsi ba tare da idon ya kalli allon ba.

Kada wani ya ɗauka zagin malamai na zo yi. Yadda aka koyar da mu ne muke koyarwa, nima haka na yi shekaru. Tsarin ilimi na ƙasa cewa ya yi malami ɗaya yara 35 a firamare, mu kuma mutum ɗaya ke fama da 80 zuwa 100 a ɗakin da rabin silin ɗinsa ya zubo. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 malamar da ke tahowa daga cikin gari sai ta hau keke ta sauka ta hau acaɓa, kuɗin mota kaɗai ya cinye wani kaso mai yawa na albashinta, namiji kuma ana tashi zai ruga gona ko ya ɗauki mashin ya shiga haya har dare. Wanda yake wannan rayuwar in ka shigo masa aji da fuskar sufeto kana rubuce-rubuce a takarda ba abinda zaka samu sai gaba. Kowa ya tuna abinda ya faru a Kaduna a 2017, da aka yi wa malaman firamare jarrabawa da tambayoyin 'yan aji 4 aka ce 21,780 cikin kusan 33,000 basu kai makin da aka yanka ba aka sallame su. Ni ban musa ba akwai waɗanda tun farko bai kamata a basu alli ba, a kowace jiha akwai su. Amma tun daga lokacin duk malamin da ya ga an zo kallon aikinsa abinda ke faɗo masa a rai kora ce, kuma jarrabawa tana nuna maka wanda bai sani ba ne kawai, bata koya wa kowa yadda ake sa yaro ɗan shekara 7 ya haɗa b da a ya ce ba. Haka takarda ma, NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa, ga rajistar TRCN, hukumar da ke yi wa malamai rajista, duk suna da kyau kuma ina goyon baya, sai dai na ga mai digiri da aji ya gagare shi na kuma ga mai tsohuwar Giret Tu, shaidar malanta ta da wadda bata kai NCE ba, da in yana darasi ko tari baka ji.

Wannan mai Giret Tu ɗin shine babbar matsalata a lokacin kuma shine ya zama mafitata. Dattijo ne, Baba Malam muke ce masa, shi ya koyar da ni a aji 3 a wata makarantar, daga baya ya yi NCE ɗinsa ta NTI, cibiyar horon malamai ta ƙasa, yana aiki yana karatu, yau kuma Allah ya juya al'amari wai ni ne shugabansa. Duk malaman shi suke kallo, in ya karɓi abu an karɓa in ya yi shiru an watsar. Ta yaya zan ce wa mutumin da ya kama hannuna ya koya min riƙe fensir zan zo in duba darasinsa? Ban kira shi ofis ba, na bari sai ranar Juma'a da yamma na sayi goro na je gidansa na durƙusa na gaishe shi. Nace Baba alfarma na zo nema. Yace Hedimasta guda da neman alfarma wajena, nace Baba a makaranta ne nake hedimasta, nan ɗanka ne ya zo. Na kwashe labarin mai hatsi da na kwalaye na faɗa masa, sannan nace so nake ranar Litinin ni zan ɗauki aji 4 darasin Hausa, ka zo ka zauna a baya ka kalle ni, in an tashi ka faɗa min inda na kuskure kamar yadda kake min da.

Ya zo kuwa, da 'yar takardarsa. Da aka fita tara muka zauna yace ɗana, murya kam kana da ita, abin kuma ka san shi, amma yara biyar ka koyar yau, sauran saba'in da wani abu 'yan rakiya ne. Ka tsaya waje ɗaya kamar an dasa ka, baka taka zuwa baya ba ko sau ɗaya, kuma duk tambayar da ka yi kafin yaro ya gama tunani ka amsa wa kanka. Yace su a kwalejin horon malamai, irin na Toro da na nan Bauchi, shekaru ake yi ana koya maka aikin da hannu, a kai ka aji na gaske malaminka na zaune a baya, in ka juya wa yara baya kana magana da allo sai ka maimaita darasin. Gaskiya ya faɗa min kuma na ji daɗinta har raina. Da sauran malamai suka ga hedimasta ne aka fara yi wa gyara kuma bai mutu ba, sai ƙofa ta buɗe, sati biyu bayan nan wata malama da kanta tace Malam ko zaka leƙo ajina gobe, akwai abinda ya ishe ni.

Abinda muke yi yanzu ba wani abin a zo a gani bane kuma ko sisi bama kashewa. Duk Alhamis in an tashi yara muna tsayawa minti 30, mutum ɗaya ya koyar da mu darasin da zai yi sati mai zuwa mu kuma mu zama yaran, sai a faɗa masa abu ɗaya da ya yi kyau da abu ɗaya da zai gyara, ɗaya tak, don in ka jero wa mutum laifi goma ko ɗaya bazai ɗauka ba. Mun hana tambayar nan ta kun gane a makarantar, in kana son sanin sun gane ka nuna yaro daga baya ka bashi alli. Sannan awa ta farko kullum karatu ne zalla daga aji 1 zuwa 4, har da 'yan aji 5 da 6 da basu iya ba, kuma a wannan awar ba aji muke bi ba, inda yaro yake muke bi, masu baƙaƙe waje ɗaya, masu gaɓa waje ɗaya, masu jimla waje ɗaya, yaro baya matsawa gaba sai ya zo ya biya. Tsarin alaramma dai muka aro. Da muna neman abin karantawa ne na buɗe wata tsohuwar kabad a sito na tarar da littattafan Mu Karanta a ɗaure, na shirin NEI Plus da Amurka ta ɗauki nauyi a Bauchi da Sakkwato don 'yan aji 1 zuwa 3. An kulle su ne don tsoron kar yara su yaga a zo a tambaya, malaman da aka yi wa bitar kuma duk an musu taransifa. Mutum ɗaya ta rage da ta halarta, ita ta nuna mana yadda ake yi, malami ya fara yi yara na kallo, sannan a yi tare, sannan su yi da kansu. Na raba littattafan nace in sun yage a hannun yara ni zan amsa tambaya.

Maganar harshe kuma tana ci min tuwo a ƙwarya. Tun 1977 tsarin ilimi na ƙasa yace a fara wa yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsu a shekarun farko na firamare, a ƙarshen 2022 lokacin Malam Adamu Adamu, ɗan jihar nan, yana minista aka amince a kai har aji 6, sai kuma a Nuwamban 2025 minista Tunji Alausa ya sanar an soke a koma Turanci tun daga tushe. Shekara uku tsakani, kafin littafi ko bita ta iso ƙauye an riga an juya. Ni ba gaba nake da Turanci ba, yaranmu da shi zasu rubuta WAEC da JAMB kuma ina so su iya shi fiye da ni. Amma abinda idona ya gani a gindin dogonyaron nan shine yaron da ya iya karanta tuwo da kasuwa cikin wata biyu zaka ga ya fara kokawa da kalmomin Turanci da kansa don ya riga ya gane cewa baƙi sauti ne, wanda kuma aka fara masa da harshen da baya ji sai ya koma hadda da zane. A makarantarmu akwai 'ya'yan Fulani akwai na Jarawa, Hausa ba harshen gidansu bane amma da ita suke wasa da ita ake aikensu kasuwa, Turanci kuwa sai a bakin malami kawai suke jinsa.

'Yan TP ma, wato ɗaliban kwaleji masu zuwa gwajin koyarwa, mun canza yadda muke karɓarsu. Da in kwaleji ta turo su murna ake, a miƙa musu aji malamin ajin ya koma inuwa ya huta zango guda, sufabaiza ya zo sau ɗaya ko biyu ya duba lesin not da kwalin da aka zana ya bada maki ya tafi, yaro ya gama TP ba wanda ya taɓa gyara masa tsayuwa. Yanzu satin farko kallo kawai suke, bayan nan in suna koyarwa malamin ajin na zaune a baya, kuma Alhamis tare muke zama da su. Wasu malaman basu so ba da farko don hutunsu ne ya tafi, Baba Malam yace musu waɗannan ɗin su zasu koyar da jikokinku.

Kusan kullum in zan shiga gari sai na wuce ta kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. Mutane suna tuna shi a firayim minista, ni kuma abinda nake tunawa shine da ya gama kwalejin Katsina a 1933 gida ya dawo ya kama alli a makarantar Midil ta Bauchi har ya zama hedimastanta, kuma ko da ya tafi Landan a 1945 harkar koyarwa ya je karantowa. Malam Aminu Kano ma a wannan Midil ɗin ya koyar a shekarun 1940. Kujerar da aka bamu ba ƙarama bace, mu ne muka bari ta koma ta cika fom.

Fom ɗin kam har yanzu ina cikawa, mitin ma ina zuwa, ba yadda zan yi. Abinda na yi shine na ɗora wa mataimakina lissafin yara da turawa a guruf ɗin WhatsApp tunda ya fi ni saurin waya, ni kuma daga ƙarfe 8 zuwa tara wayata a aljihu take a kashe, aji biyu nake shiga kullum. Ba komai ne ya gyaru ba, aji 5 da 6 har yanzu akwai manyan yara da ke jin kunyar zama da ƙanana a rukunin baƙaƙe sai mun lallaɓa su, kuma malamar nan da ta san Mu Karanta ana ta raɗe-raɗin za a ɗauke ta, Baba Malam shima ritayarsa ta matso. Ga damina na tahowa, da an yi ruwan shuka rabin mazan aji 4 zuwa 6 zasu ɓace sai bayan noman fari, kuma yaron da ya fara haɗa gaɓa in ya yi wata guda baya nan sai an koma da shi baya. Na rubuta sunayen su 23 da suka fara kamawa, gobe bayan magariba ni da liman da shugaban SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makarantar, zamu fara bin gidajensu, ba cewa zamu yi kar su je gona ba don ba mai jin wannan, roƙo zamu yi a bar mana su daga 8 zuwa 9 kawai su yi awar karatu sannan su wuce. Gidan mai hatsi zamu fara zuwa, shi da kansa yace zai raka mu sauran.